Labarin tashar jirgin ƙasa ta Rufisk

Yau za mu yi tafiya mai nisa, amma ba sai mun tashi daga kan tabarma ba. Za mu nufi yamma, mu wuce Yamai, mu ratsa ƙasar Mali, har mu kai bakin teku a ƙasar Senegal. A can akwai wani gari da ake kira Rufisk. Cikin garin akwai wata tsohuwar tashar jirgin ƙasa, irin wadda masu jin Faransanci ke ce wa gar. Jirgi ya fara tsayawa a garin tun shekara ta 1883. Tashar ta yi zamani, ta tsufa, ta lalace, sa'an nan aka gyara ta. Yanzu ma'aikata da ƴan kasuwa da ƴan lakkwal suna shiga jirgi a nan kowace safiya, su tafi Dakar, su komo gida da marece.

Wani zai ce, ina ruwanmu da tashar da ke wata ƙasa? Ruwanmu da ita shi ne gyaɗa ce ta gina ta, gyaɗar nan da muka sani a Maraɗi da Damagaram. Kuɗin da ake biya a shiga jirgin kuma sefa ne, irin wanda ke aljihunmu. Bayan haka, mu ma an daɗe ana yi mana maganar dogo. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. In kuma ya yi shuka ta yi kyau, tambaye shi irin da ya shuka.

Ina ne Rufisk?

Dakar, babban birnin Senegal, yana bisa wani tsinin ƙasa da ya kutsa cikin teku. Ruwa ya kewaye shi ta gefe uku. Duk mai son shiga birnin ta ƙasa, ta gabas kaɗai zai bi, ta wani wuri mai ƙunci kamar wuyan gora. Rufisk yana gabas da Dakar, nisan kilomita 25. Mai tafiya a ƙafa zai yi wajen awa biyar.

Mutanen da suka kafa garin masunta ne, ana ce musu Lebu. Da harshensu sunan garin Tengej. Turawan Fotugal sun riƙa zuwa wurin da jiragen ruwa tun shekaru ɗaruruwa da suka wuce, suna ciniki. Daga bakin Turawa ne sunan Rufisk ya fito. Daga baya Faransawa suka kama ƙasar. A shekara ta 1880 suka ba garin ikon zaɓen magajin gari da majalisarsa. Garuruwa huɗu kaɗai suka sami wannan matsayi a Senegal: San Luwi, da Gore, da Rufisk, da Dakar.

Gyaɗa ce ta jawo dogo

Tun kafin shekara ta 1850 aka fara ɗaukar gyaɗa daga wannan gaɓar teku zuwa Faransa. Can ana matse ta a sami mai, ana kuma yin sabulu da man. Da masana'antun Faransa suka ɗanɗana ribarta, sai suka ƙara nema. Manoman wata ƙasa da ake kira Kayor, arewa da Rufisk, su ne manyan masu noma ta. Ƙasarsu jigawa ce, kamar tamu.

A lokacin nan raƙuma da jakuna ke kawo gyaɗa bakin teku. Kun san iyakar abin da raƙumi ke ɗauka, kun san kuma kwanakin da ayari ke yi a hanya. Ƴan kasuwar Faransa suka ga abin bai ishe su ba. Gwamnatinsu kuma tana son hanyar da za ta kai soja da sauri tsakanin San Luwi, inda gwamna ke zaune, da Dakar, inda manyan jiragen ruwa ke tsayawa. Bukatun nan biyu ne suka haɗu aka yanke shawarar shimfiɗa dogo.

Wani kamfanin Faransa mai suna Batignolles ya karɓi aikin. A shekara ta 1883 jirgi ya fara tafiya tsakanin Dakar da Rufisk. A watan Yuli na 1885 aka buɗe hanyar duka har San Luwi, kilomita 260 da ƴan kai. Shi ne dogo na farko da aka gama a ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ta mallaka. Faɗin da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe mita ɗaya ne. Ku riƙe wannan awo, za mu komo kansa.

Sarkin da ya ƙi dogo

Ba kowa ya yi murna ba. Sarkin Kayor, wanda sarautarsa ake kira Damel, sunansa Lat Jor. Da farko, a 1879, ya yarda a ratsa ƙasarsa. Da ya sake tunani sai ya janye. Ya gane cewa ranar da jirgi ya ratsa Kayor, sojan Faransa za su iso ƙofar gidansa cikin yini guda, ikonsa kuma ya ƙare. Ya hana mutanensa yin aikin dogo.

Faransawa suka kawo yaƙi, suka kore shi, suka naɗa wani. Aka ci gaba da aza ƙarfe, soja na gadi. A watan Oktoba na 1886 aka kashe Lat Jor a wurin yaƙi, a wani wuri mai suna Dekele. Har yau mutanen Senegal suna girmama shi, suna ba ƴaƴansu labarinsa da na dokinsa Malaw.

Abin da ya hanga kuwa ya tabbata. Sarautar Damel ta mutu a shekarar nan. Gonakin gyaɗa suka bi dogo, kowace tasha ta zama kasuwa, ƴan kasuwa suka kafa sikeli da kantuna a bakinta. Manomi ya sami kuɗi a hannu, amma da kuɗin nan yake biyan haraji, yana kuma sayen shinkafar da aka kawo daga waje, don gonar hatsi ta ragu. Tsofaffinmu da suka ga zamanin gyaɗa a nan ƙasar sun san wannan labari ba sai an faɗa musu ba.

Zamanin da tasha ke cike

Bayan an buɗe dogo, Rufisk ya zama babbar kasuwar gyaɗa ta Senegal. Da kaka ta yi, taragai na shigowa tasha cike da buhuna. Ƴan dako na saukewa. An gina manyan ɗakunan ajiya na dutse, waɗansu suna nan tsaye har yanzu. An shimfiɗa ƙananan dogo cikin titunan gari, ana tura ƙananan kekuna a kansu daga ɗakin ajiya zuwa bakin ruwa. A bakin ruwa akwai dogayen gadoji da suka shiga cikin teku. Daga nan ƙananan jirage ke kai kaya wurin manyan jiragen da suka tsaya nesa, don ruwan Rufisk ba shi da zurfi.

Jirgin ƙasa na lokacin nan da wuta da ruwa yake tafiya. Ana hura wuta a cikin kan jirgi, ruwa ya tafasa, tururi ya tura ƙafafu. Saboda haka a tashoshi akwai tankin ruwa da wurin tara gawayi. Akwai shugaban tasha, da mai sayar da tikiti, da mai juya ƙarfe don jirgi ya sauya hanya, da masu duba dogo. Manyan muƙamai na Turawa ne. Aikin ƙarfi na baƙar fata ne.

Ba gyaɗa kaɗai ke sauka a tashar ba. A shekara ta 1938 aka buɗe lakkwal ta horar da malamai mata a Rufisk. Ƴan mata na zuwa daga ƙasashe dabam-dabam na Afirka ta Yamma, su yi karatu, su koma su koyar. Marubuciyar nan ta Senegal, Mariyama Ba, a nan ta yi karatu.

Sai dai rashin zurfin ruwa ya ci garin. A 1902 Faransa ta mai da Dakar mazaunin babban gwamnanta na Afirka ta Yamma, wanda daga baya gwamnan Nijar ma ke ƙarƙashinsa. Aka gina wa Dakar babbar tashar jiragen ruwa, inda jirgi ke matsowa har bakin gini a loda masa kaya. Aka kuma gina masa babbar tashar jirgin ƙasa mai ado, wadda aka gama a 1914. Sannu a hankali taragan gyaɗa suka riƙa wuce Rufisk ba su tsaya ba. Da kasuwar duniya ta faɗi wajen 1930, manyan kamfanoni suka kwashe suka koma Dakar.

Dogo huɗu masu sunan Neja

Ga wani abin da ya shafe mu. Faransawa sun shimfiɗa dogo huɗu daga bakin teku zuwa cikin ƙasa, kowane kuma an laƙa masa sunan kogin Neja, wato kogin Kwara da ya ratsa Yamai.

Na farko shi ne Dakar-Neja. Ya rabu da hanyar San Luwi a garin Ciyes, ya nufi gabas, ya bi ta Kay da Bamako, ya tsaya a Kulikoro, bakin kogi, cikin ƙasar Mali. An haɗe shi duka a 1923. Tsawonsa ya kusa kilomita 1,300. Duk jirgin da zai tafi Bamako daga Dakar, ta Rufisk yake bi. Na biyu Konakiri-Neja, ya tsaya a Kankan, cikin Gine. Na uku Abijan-Neja, ya kai Wagadugu a 1954. Na huɗu Benin-Neja, ya tashi daga Kwatano ya tsaya a Paraku.

Cikin huɗun nan ba wanda ya taka ƙasar Nijar. Shi ya sa gyaɗar Maraɗi da ta Damagaram ta riƙa bin raƙuma da kamyo zuwa dogon Ingilishi a Nijeriya, wanda ya iso Kano tun 1911. Daga baya aka riƙa kai wata Paraku da kamyo, a loda ta a jirgi zuwa Kwatano. Kuɗin wannan doguwar hanya daga farashin manomi ake cire shi.

Ranar da jirage suka tsaya

Ma'aikatan dogo baƙar fata sun daɗe suna kuka. Bature da baƙin mutum suna aiki iri ɗaya, amma albashi ba ɗaya ba, gida ba ɗaya ba, hutu ba ɗaya ba. Da yawa kuma ana ɗaukarsu a matsayin ƴan wucin gadi, ko sun shekara goma suna aiki. A watan Satumba na 1938 suka yi yajin aiki a Ciyes, soja suka yi harbi, aka kashe mutane.

A 1946 aka yi dokar da ta hana aikin tilas a ƙasashen da Faransa ke mulki. Ma'aikata suka ƙara samun ƙarfin zuciya. Ranar 10 ga Oktoba 1947 suka ajiye aiki a dogon nan huɗu gaba ɗaya. Sun kusa mutum 20,000. Shugaban sandikarsu shi ne Ibrahima Sar. Abin da suke nema shi ne tsari guda ga kowa, ba a duba launin fata ba.

Yajin ya yi fiye da wata biyar. Babu albashi. Mata suka sayar da abin da suke da shi don a ci abinci. Ƴan'uwa na ƙauye suka aiko da hatsi, ƴan kasuwa suka ba da bashi. Ranar 19 ga Maris 1948 ma'aikatan Dakar-Neja suka koma aiki, bayan an yarda da tsari guda da ƙarin albashi, ko da yake ba duk abin da suka nema suka samu ba. Wani marubucin Senegal, Usman Semben, ya rubuta littafi a kan wannan yaji, ya fito a 1960. Tsintsiya ɗaya ba ta shara, amma dami ya share gidan gwamna.

Tasha ta tsufa

A 1960 ƙasashenmu suka sami mulkin kai. Senegal da Mali sun fara haɗuwa ƙasa guda, sai suka ɓata a watan Agusta na shekarar. Aka rufe dogo a kan iyaka. Sai a 1963 jirgi ya sake wucewa.

Daga nan ciwo ya shiga dogo kaɗan-kaɗan. Aka yi hanyoyin kwalta, kamyo da motocin haya suka ɗauke kaya da fasinja. Kuɗin shiga ya ragu. Da kuɗi ya ragu, aka rage gyara. Ƙarfen da ya kamata a sauya aka bar shi. Da dogo ya lalace, dole jirgi ya rage gudu, in ba haka ba ya kauce. Da jirgi ya rage gudu, sauran fasinja suka gudu. Haka abin ya riƙa cin kansa. A shekarun 1990 jirgin fasinja ya daina zuwa San Luwi. A 2003 aka ba wani kamfani mai zaman kansa hanyar Dakar zuwa Bamako, amma bai warkar da ita ba, daga baya ƙasashen biyu suka karɓe abinsu. Jirgin fasinja na Bamako ma ya tsaya.

Gine-ginen tasha suka bi sahu. Fenti ya kwaɓe, rufi ya fara yoyo, iskar teku mai gishiri ta ci ƙarfe. A wurare kamar Caroy, kasuwa ta hau kan dogo. In jirgi ya yi kuka, mata su janye kayan miya, in ya wuce su mayar. Ba bom ya faɗa wa tashar nan ba. Rashin kula ne, shekara bisa shekara.

Ƙaramin jirgin ma'aikata

A lokacin da dogo ke mutuwa, mutane kuwa ƙaruwa suke yi. Fari da neman aiki suka koro mutanen ƙauye zuwa Dakar. Birnin ba shi da wurin faɗaɗa sai gabas. A 1952 aka kafa unguwar Pikin don mutanen da aka tasa daga tsakiyar birni. Yau Pikin ya zama babban gari. Gidaje suka yi ta tafiya har suka haɗe da Rufisk. Ƙidayar 2023 ta nuna jihar Dakar na da mutum wajen miliyan 4, alhali faɗinta bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasar Senegal ba.

Aiki yana cikin birni, wurin kwana yana bayan gari. Kowace safiya dubban mutane su nufi wuyan goran nan a lokaci guda. Mota ta tsaya bayan mota. Tafiyar kilomita 25 takan ci awa biyu. Mutum ya fita ƴaƴansa na barci, ya komo sun yi barci.

Don haka a 1987 aka sa wani ƙaramin jirgin fasinja tsakanin Dakar da Rufisk, a kan tsohon dogo. An fara kiransa ƙaramin jirgi shuɗi, daga baya ƙaramin jirgin bayan gari. Kuɗinsa kaɗan ne, talakawa suka rungume shi. Amma taragansa tsofaffi ne, yakan makara, mutane na cika har bakin ƙofa. Duk da haka shi ya riƙe ran tashar Rufisk. Tashar da aka gina don buhun gyaɗa ta koma tashar masu zuwa aiki.

Gyara

A watan Disamba na 2016 shugaban ƙasar Senegal na lokacin, Maki Sal, ya buɗe aikin sabon jirgi da ake kira TER. Kashi na farko kilomita 36 ne, daga Dakar zuwa wani sabon gari mai suna Jamniyajo, da tasha 13. Rufisk na cikinsu.

Ga abin da aka yi. An shimfiɗa sababbin dogo biyu, ɗaya na zuwa, ɗaya na komowa, don kada jirgi ya jira wani. Faɗinsu mita 1 da santimita 43 da rabi, ya fi na da. Jirgin tsohon dogo ba ya iya hawa sabo. Shi ya sa aka bar layi guda mai faɗin mita ɗaya a gefe, don jiragen kaya. An ja wayar kuran bisa dogo. A kan rufin jirgi akwai wani hannun ƙarfe da ke shafar wayar, yana jawo wuta. An kewaye hanyar da katanga, aka yi gadoji na mota da na masu ƙafa, don kada mutum ko dabba su ratsa gaban jirgi. An sayo jirage 15 daga kamfanin Alstom na Faransa, kowane da tarago 4. Suna iya gudun kilomita 160 a awa, ko da yake yawan tsayawa ba ya barin su kai haka.

To, tsofaffin gine-gine fa? Rushewa ta fi sauƙi. Amma tashar Dakar da ta Rufisk suna cikin jerin gine-ginen tarihi da dokar Senegal ta kare. Sai aka gyara su bisa kamanninsu na da, aka ƙara sababbin wurare na zamani don fasinja. Gyaran tsohon gini aiki ne na haƙuri. Sai an duba bango an ga inda ya tsage, a cire abin da ya ruɓe, a nemi abin da ya yi kama da na asali a mayar. Maginanmu da ke yaɓen tsofaffin soraye a Birnin Damagaram sun san wannan.

A gaban tashar Dakar akwai gunkin soja biyu, baƙi da Bature, ana ce musu Demba da Dupon. An yi shi a 1923, aka kawo shi nan a 2004 don tunawa da sojan Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi. Ko da yake sunan Senegal aka laƙa wa sojan nan, daga ƙasashe da yawa aka ɗebo su, har da tamu. Jirgin kuma yana tsayawa a Caroy, garin da sojan Faransa suka harbe irin waɗannan soja ranar 1 ga Disamba 1944, don sun nemi haƙƙinsu bayan sun komo daga yaƙi.

An yi bikin nuna jirgin a watan Janairu na 2019, amma aiki bai ƙare ba. Mutane suka yi ta jira har kusan shekara uku. Sai ranar 27 ga Disamba 2021 ya fara ɗaukar fasinja. A 2022 aka fara kashi na biyu, kilomita 19, zuwa sabon filin jirgin sama.

Abin da aka samu, da abin da aka biya

Da aka buɗe, jirgi na tashi kowane minti 10 a ranakun aiki. Daga Dakar zuwa Jamniyajo wajen minti 45 ne. Mutumin Rufisk bai kai haka ba. An tsara jirgin don ya ɗauki mutum 115,000 a yini. Kuɗin tikiti a lokacin ya fara daga sefa 500, wato dala ɗari, zuwa 1,500, gwargwadon nisa. Mai son tarago na manya ya biya 2,500, jika biyu da rabi. Ana sayen tikiti kafin a shiga, a nuna wa na'ura a bakin ƙofa, ta buɗe. A allo ana rubuta lokacin jirgi da sunan tasha. Kun ga a nan ma mai karatu ya fi wanda bai iya ba, don ba sai ya tambayi kowa ba.

Amma kowane allazi da nasa amanu. Gwamnati ta ce kashi na farko ya ci sefa miliyar 780. Miliyar ɗaya miliyan dubu ce. Ƴan adawa suka ce kuɗin ya fi haka. Yawancinsa bashi ne, daga Bankin Musulunci, da Bankin Raya Afirka, da Faransa. Bashi kuwa sai an biya, kuma manomin da ke nesa, wanda bai taɓa ganin jirgin ba, da harajinsa za a biya.

Sa'an nan akwai waɗanda aka tasa. Don a faɗaɗa hanya an rushe gidaje da rumfunan kasuwa da wuraren sana'a na dubban mutane. An biya diyya, amma da yawa sun ce ba ta kai darajar abin da suka rasa ba, ko kuma ta makara. Suka kafa ƙungiya, suka kai kuka har wurin bankunan da suka ba da bashi. Katangar da ta tsare rayuka kuma ta raba unguwanni. Gidan da ke tsallake, wanda da taku kaɗan ne, yanzu sai an zagaya an hau gada. Tsoho da mai ɗauke da kaya sun san wuyar matakala. Waɗansu kuma sun ce dala ɗari zuwa, dala ɗari komowa, ya yi wa ƙaramin ma'aikaci yawa, don tsohon jirgi bai kai haka ba.

Mu fa?

A 2014 aka buɗe tashar jirgin ƙasa a Yamai. A farkon 2016 aka yi bikin gama dogo daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140. An so a haɗa shi da na Paraku, har Kwatano. Ba a haɗa ba, jirgin bai shiga jigilar mutane da kaya ba. A 2021 kuma Nijeriya ta aza harsashin dogo daga Kano, ta Katsina da Jibiya, zuwa Maraɗi.

Labarin Rufisk ya nuna mana abin dubawa. Tasha tana rayuwa ne in akwai mutane ko kaya da ke bukatar tafiya daga wani wuri zuwa wani, kuma dogon ya kai su can. Gyaɗa ta rayar da Rufisk, da gyaɗa ta wuce, ma'aikata suka rayar da shi. Ya nuna kuma gini ba ya riƙe kansa. Abin da aka ƙi kashewa kaɗan-kaɗan wajen gyara, an zo an kashe shi ninki-ninki da bashi. Wannan gaskiya ce ga dogo, gaskiya ce ga rijiyar gari, da famfo, da ɗakin shan magani, da rumfar da muke karatu a ciki.

Abu na ƙarshe ya shafi mai gona. Duk inda za a shimfiɗa dogo ko hanya, ta gonar wani za a bi. Ranar da masu awo suka zo, za su zo da takarda. Wanda ya iya karatu zai duba faɗin da aka rubuta, da kuɗin da aka rubuta, da sunan da aka rubuta, kafin ya sa hannu. Wanda bai iya ba, yatsa zai dangwala a kan abin da bai gani ba. Ku riƙe takardun gonakinku da kyau. In abu ya taso, ku yi magana da baki ɗaya, kamar yadda ma'aikatan dogo suka yi a 1947.

Ga tambayoyi da za ku tattauna a wurin karatu:

1. Me ya sa Lat Jor ya ƙi dogo? Da kai ne, me za ka yi?
2. Me ya sa taragan gyaɗa suka daina tsayawa a Rufisk?
3. Wane abu ne na jama'a a garinku ya lalace don rashin gyara? Wa ya kamata ya kula da shi?
4. In dogo zai ratsa gonarka, me za ka tambaya kafin ka sa hannu?

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara mana fahimta. Sai mun sake saduwa.